RA'AYINMU: A tattara labarin mazan jiya tun bakinsu na motsi



Kwanan baya wata baiwar Allah mai saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Dole ta Damagaram ta aiko mana jikanta da wani ɗan littafi da ya yi jawur don tsufa, gara ta ci gefensa. Ta ce tun rasuwar surukinta littafin yake cikin wani akwatin ƙarfe tare da tarin takardu, kuma duk ranar da takardar ƙunshi ta yanke mata sai ta sa hannu cikin akwatin ta yago. Ran nan yaron, wanda yake ajin ƙarshe na lakkwal, ya tsaya ya karanta abin da kakarsa ke shirin ƙunshe ƙuli a ciki. Sai ga sunan kakan ubansa, ga lambarsa ta soja, ga hatimin Marsai, ga na Saigon. Ashe littafin aikin soja ne na mutumin da ya yi yaƙin Indoshin ƙarƙashin tutar Faransa. Wasiƙun da ke tare da littafin kuwa, fiye da rabinsu sun riga sun bi masu sayen ƙuli.

Ba mu ga laifin wannan uwa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata darajar abin da ke cikin akwatin nan. Laifin yana wuyanmu, mu da muka yi boko, da mahukunta, da malaman tarihi, da mu ƴan jarida, da muka bar tsofin sojoji suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba mu zauna gabansu da alƙalami ko na'urar ɗaukar magana ba. Shi ya sa yau muke kira da babbar murya: lokaci ya yi da za a bi gari-gari, unguwa-unguwa, a ɗauki labarin yaƙi daga bakin waɗanda suka yi shi, a haɗa littafin tarihi guda wanda ƴaƴanmu za su karanta da harshensu. Kuma muna gaya muku ne ku ƴan kasuwa, domin kamar yadda za mu nuna, mabuɗin wannan aiki yana hannunku.

Kowa ya san su. Su ne tsofin nan da muka tashi muna gani bakin kasuwa ko ƙofar kanti, wani da tsohon kwat na soja ko da ana zafi, wani da lambobin girma a ƙirji ranar biki, wani yana faransanci irin na bariki yara suna dariya. Wasu mun ɗauke su taɓaɓɓu, alhali abin da idonsu ya gani ne ya hana su barci. To daga ina suka fito?

Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙar fata da ta kira tirayer na Senegal. Sunan ne kawai na Senegal, amma cikinta akwai ƴaƴan duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da namu. Daga 1919 aikin soja ya zama tilas na shekara 3. Nasara ya yanka wa kowane yanki adadin samarin da zai kawo, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su duba gidan da ba shi da gata. Saboda haka sau da yawa ɗan talaka da maraya ne ke tafiya. Iyayenmu na Maraɗi, Tasawa, Magarya, Madawa da Birnin Ƙonni sun san gidajen da suka kwashe cikin dare suka tsallaka Nijeriya don gudun kamen soja da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Yawancin zumuncin da ke tsakaninmu da Katsina, Daura da Sakkwato ya girme wannan zamani, amma gudun nan ya ƙara masa igiya.

Waɗanda suka tafi sun ga yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, sun ga na biyu, wanda tsofinmu ke kira yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945. Sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka gaɓar kudancin Faransa a watan Agustan 1944 don korar Jamus. Bayan nan aka tura wasu Madagaska a 1947, wasu Indoshin har zuwa faɗuwar Diyen Biyen Fu a 1954, wasu Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Shi kansa Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ta wannan hanya ya bi: ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya, kafin a kafa rundunar sojojin Nijar ranar 1 ga Agustan 1961.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Wanda ya yi yaƙin Hitila yana ɗan shekara 20, in yana raye yau ya kai shekara ɗari ko ya haura. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1954 ya wuce 90. Na Aljeriya mafi ƙuruciya sun haura 80. Wannan haja ce da ba a sake saro ta. Buhun gero in ya ƙare a je kasuwa ta gaba, amma tsoho in aka kai shi makwanci, abin da ke cikin kansa ya tafi ke nan har abada.

Wani zai ce, mu da muke fama da tsadar masara da kuɗin haya da patanti, ina ruwanmu da labarin yaƙin da aka yi tun ba a haife mu ba? Tambaya ce mai kyau, ga amsarmu.

Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in abokin cinikinka kaɗai ke riƙe da littafin bashi. Ranar lissafi abin da ya rubuta shi ne gaskiya, kai kuwa sai rantsuwa. To haka tarihin sojojinmu yake. Takardun suna Faransa da Dakar, kuma waɗanda suka ba da oda su ne suka rubuta su. Dubi abin da ya faru a barikin Tiyaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944. Sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga hannun Jamus, inda suka yi zaman fursuna, sun nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Sai aka buɗe musu wuta. Rahoton sojan Faransa ya ce tawaye suka yi, kuma mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Sai a watan Nuwamban 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa da kansa cewa kisan kiyashi ne. Da a ce tun farko an bi waɗanda suka tsira an rubuta shaidarsu, da sunayen abokansu da suka faɗi, da gardamar ba ta kai wannan tsawo ba.

Haka kuma maganar fansho. A ƙarshen 1959, ana gab da samun ƴancin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Bafaranshe nasa yana ƙaruwa kowace shekara, ɗan Afirkan da suka kwana rami ɗaya nasa yana tsaye cik. Wani tsohon sojan Senegal mai suna Amadou Diop ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, amma shi ya riga ya rasu. An fara daidaita wani sashe na kuɗin a 2007, sauran sai 2011, bayan mafi yawan masu haƙƙin sun kwanta dama. A duk wannan kokowa, wanda ya riƙe littafinsa na soja shi ne ke da bakin magana, wanda takardunsa suka ɓace kuwa sai kallo. Ashe takardar da ake ƙunshe ƙuli a ciki tana iya zama shaidar haƙƙin gida guda.

Akwai ɗan ƙasarmu ɗaya da ya nuna mana hanya tun da daɗewa, wato marigayi Oumarou Ganda, wanda babban gidan al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa. Ya tafi Indoshin yana saurayi, da ya dawo sai ya maida abin da ya gani fim, mai suna Cabascabo, wanda aka nuna a 1969. Labarin soja ne da ya dawo gida da ƴan kuɗinsa, abokai da maroƙa suka kewaye shi, da aljihu ya bushe kowa ya watse. Duk wanda ke zaune kasuwa ya san wannan hali. Ganda ya rasu a 1981, amma shaidarsa tana nan domin ya ajiye ta. Tambayarmu ita ce, sauran dubban da ba su samu kamara ba fa?

Sai dai muna so a fahimce mu da kyau. Littafin da muke kira a yi, ba mu son ya zama na manyan hafsoshi kaɗai, da jerin ranaku da sunayen garuruwan Turai. Muna son a ji muryar ƙaramin soja: yadda aka kama shi ranar kasuwa, yadda ya fara ganin teku, yadda sanyi ya cinye masa yatsu, abin da ya ci, yadda ya yi salla da azumi a ƙasar da rana ba ta faɗuwa da wuri, wanda ya rubuta masa wasiƙa da ajami, da abin da ya tarar da ya dawo.

Kuma dole a ji muryar mata. Yaƙi ba a fagen daga kawai ake yin sa ba. Matar da aka tafi da mijinta shekara 3, 5 ko fiye, ita ta riƙe gida da daka, da fura, da ƙosai, da kaɗi. Wata ta jira har ta tsufa, ba miji ba gawa, ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba. Wata mijin ya dawo amma ba shi ne wanda ya tafi ba, yana firgita cikin dare, yana duka ba dalili, ita ta haɗiye. Da yawa daga waɗannan iyaye mata sun fi mazansu tsawon rai, kuma abin da mijin ya faɗa musu cikin dare bai faɗa wa kowa ba. In aka rubuta littafi ba su, an rubuta rabi.

Ita kanta kasuwa tana da nata labarin yaƙi. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 mahukuntan Faransa na Afirka ta Yamma suna tare da gwamnatin da ta miƙa wuya ga Jamus, su kuwa Ingilishi na Nijeriya suna yaƙi da ita, saboda haka iyaka ta zama ta abokan gaba. Yadi ya yi wuya, sukari da kananzir suka ɓace, aka riƙa karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon yaƙi, fatake suka koma bin daji cikin dare. A can tsallake kuma ana kwasar ƴan uwanmu Hausawa zuwa yaƙin Bama. Wa ya fi ƴan kasuwa sanin waɗannan labarai da suka gada daga iyayensu?

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Sojojinmu sun yi jarumta wajen karya Hitila, wannan abin alfahari ne. Amma an kuma yi amfani da su wajen murƙushe mutanen Madagaska, Indoshin da Aljeriya da ke neman ƴancin ƙasarsu kamar yadda muke neman namu. A nan gida ma, da tirayer aka karya tawayen Kawusan a Ayar cikin 1916 da 1917. Akwai tsohon da zai fara labari ya yi shiru, hawaye su zubo. Kada a matsa masa, kada a yanke masa hukunci, domin yaron da aka kama da ƙarfi aka ɗora masa bindiga ba shi ya zaɓi yaƙin ba. Amma in ya yarda ya faɗa, a rubuta yadda ya faɗa, kada a gyara don a faranta wa wani. Littafin da ya zama kirari zalla, maroƙi ya fi mu iya shi.

Kada kuma mu ɗauka mazan jiya na zamanin Nasara ne kawai. Akwai waɗanda aka tura Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991. Akwai waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali. Akwai na rikicin arewacin ƙasarmu, wanda aka sa hannu kan sulhunsa ranar 24 ga Afrilun 1995, da wanda ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. A nan ya kamata a saurari kowane ɓangare, soja da tsohon ɗan tawaye da mutanen gari, tunda sulhu ya maida su ƴan uwa, kuma sai an san yadda wuta ta tashi ake sanin yadda za a hana ta sake tashi. Sannan ga ƴaƴanmu na wannan zamani. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015, gida nawa ne bai yi zaman makoki ba? A Inates ranar 10 ga Disamban 2019 mun rasa soja 71. Wata guda bayan nan, ranar 9 ga Janairun 2020, a Shinagodar mun rasa 89. Kowane ɗaya yana da uwa, kuma uwaye da yawa suna zaune ne cikin rumfunan kasuwanninmu. Su ma masu saida tattasai da busasshen kifi na Difa, da aka hana wa sana'arsu a 2015 saboda dokar ta-ɓaci, shaidu ne na wannan yaƙi. Mun san akwai sirrin soja da bai kamata a tona ba muddin ana fafatawa, kuma ba mu ce a tona ba. Amma sunan wanda ya faɗi, da garinsu, da hotonsa, da maganarsa ta ƙarshe da uwarsa, waɗannan ba sirri ba ne, amana ce.

To me ya kamata kowa ya yi, tun daga yau, ba tare da jiran gwamnati ba?

Da farko, ku buɗe akwatunan nan da kwallaye da tsofin jakunkuna. Duk takardar da kuka ga hatimi ko lamba ko hoton mai kaki a jikinta, ku ware ta, ku sa ta cikin leda mai tsabta nesa da raɓa da gara da ɓera. Ku nemi yaron lakkwal ko mushe ya karanta muku. Wadda aka rubuta da ajami, malamin unguwa ya isa.

Na biyu, kada ku saida lambar girma ko hoto ko littafin soja ga masu yawon sayen tsofin kaya. Za a ba ku jika biyu ko uku, kuɗin su ƙare kafin kasuwa ta watse, abin kuwa ya tsallaka teku ba zai dawo ba. Haka kuma duk wanda ya zo da sunan bincike, ko da daga wace hukuma yake, a bar shi ya ɗauki hoto ko ya yi fotokopi a gabanku, asalin takardar ya zauna gida. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi don ya fito muku da fansho daga Faransa, ku yi hattara da shi.

Na uku, yau kusan kowace rumfa akwai salula mai ɗaukar murya. Ku sa jika ya zauna gaban kakansa ko kakarsa bayan sallar la'asar, a gaishe su yadda ya kamata, a nemi izininsu, sannan a tambaye su. A fara da sunansu da garinsu da shekarar tafiya, sai a bar su su yi ta zuba, kada a katse su. Zama ɗaya ba ya isa, a koma sau biyu sau uku. A tura abin da aka ɗauka ga mutum biyu ko uku cikin dangi, domin salula tana ɓacewa, tana faɗawa ruwa.

Na huɗu, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashe su sa hannu. Ku ne kuka san tsohon da ke zaune bayan masallacin tasha, ku ne kuka san gwauruwar da mijinta ya yi Aljeriya, domin wurinku take sayen gishiri. Malamin jami'a zai yi wata yana neman abin da sarkin kasuwa zai faɗa masa cikin zama ɗaya. Kowace kasuwa ta buɗe kaye guda a rubuta sunayen tsofin sojoji da iyalansu na yankin. Alhazan da Allah ya hore wa, kamar yadda kuke gina masallaci da rijiya, ku tuna ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ya zagaya ƙauyuka yana ɗaukar waɗannan labarai shi ma alheri ne mai ɗorewa. Su ma samarin fada, maimakon shayi ya ƙare a gardamar ƙwallo, su gayyato tsoho guda su saurare shi.

Ga mahukunta kuma, muna tunatar da su cewa ba daga sifiri za a fara ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 musamman don tattara tarihin baka na Afirka. Akwai cibiyar bincike ta IRSH a ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake ajiye muryoyi da tsofin rubuce-rubucen ajami, aikin da su marigayi Boubou Hama suka sha wahala a kansa. Akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa cike da ɗalibai, akwai gidajen rediyon karkara da kowa ke saurare, akwai ƙungiyar tsofin sojoji. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannu, a ware kuɗi, a sa wa aikin wa'adi. A kuma nemi kofen takardun sojojinmu da ke ajiye a Faransa da Dakar, domin a gwada abin da aka rubuta da abin da aka faɗa, tunda tsufa na sa mantuwa, takarda kuma na iya ƙarya.

Sharaɗinmu na ƙarshe shi ne, in littafin ya fito kada ya tsaya a faransanci cikin ɗakin karatu na Yamai. A buga shi da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunan ƙasa, da kuɗin da talaka zai iya saye, a karanta shi a rediyo don waɗanda ba su yi boko ba. Duk gidan da ya ba da labari a sa sunansa in ya yarda, a kai masa kofe har gida. Bai dace a karɓi haja hannun mutum a tafi ba a dawo masa da komai ba.

Ita dai baiwar Allah ta kasuwar Dole mun maida mata littafin surukinta, ta naɗe shi cikin sabon ƙyalle, ta ce daga yau ko takardar ƙunshi ta yanke sai dai a saye ƙuli a tafin hannu. Jikanta kuma ya fara zagayen tsofin unguwarsu da salula. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Wanda yake da tsoho a gida, kada ya ce sai bayan kaka ko sai bayan salla, ya zauna da shi a wannan mako.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na raye lafiya, ya kare ƴaƴanmu da ke bakin daga, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.